'Yancin Faɗar Albarkacin Baki da Iyakarsa a Zamanin Wayar Hannu

Jawabin da Jami'in Watsa Labarai na Tarayya ya yi a taron wayar da kan jama'a a unguwar Fadaman Mada, cikin birnin Bauci



Ina godiya ƙwarai da kuka bar harkokinku kuka taru a nan da yammacin yau. Abin da aka aiko ni in yi magana a kansa abu ne wanda ya riga ya shiga kowane gida, watau dandalan nan na sada zumunta, irin su Facebook da WhatsApp da TikTok da X, wanda a dā aka sani da Twitter, da kuma gardamar da ake ta yi a ƙasar nan a kan ko ya kamata hukuma ta sa musu linzami. Waɗansu suna cewa in ba a tsawata ba, wata rana wayar hannu za ta cinna wa ƙasa wuta. Waɗansu kuwa suna cewa duk ranar da aka ba hukuma ikon zaɓen abin da za a faɗa, to, talaka ya rasa bakinsa ke nan. Ni ma'aikacin Gwamnati ne, kowa ya sani. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan gaya muku abin da doka ta ce, da abin da ya faru, har da wuraren da kotu ta ce hukuma ta yi kuskure, sa'an nan kowa ya auna da hankalinsa.

GARDAMAR TA GIRME WA WAYAR HANNU

Kada wani ya zaci intanet ce ta kawo wannan gardama. Tun zamanin Turawa ake yinta. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu, ji-ta-ji-ta ta bazu a Arewa cewa wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus, hankalin mutane ya tashi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Maganin da aka yi wa ƙarya a lokacin shi ne a kai wa mutane labari na gaskiya da harshen da suke ji.

Bayan wannan, wajen 1943, a nan garin namu aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauci, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki suke haɗuwa su tattauna al'amuran ƙasa. Malam Sa'adu Zungur yana ciki, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Aminu Kano, wanda a lokacin yake koyarwa a Makarantar Midil ta Bauci. Da yardar Turawa aka buɗe ta. Amma da tambayoyi suka yi zafi, aka taɓo tsarin mulkin En'e har da albashin sarakuna, sai majalisar ta ƙare ba ta yi tsawon rai ba. Ƙarewarta kuwa ba ta kashe maganar ba. Mutanen nan suka ci gaba da ita a cikin waɗansu ƙungiyoyi, har ɗayansu ya zama Firayim Ministan Nijeriya.

Manya daga cikinmu kuma za su tuna da Dokar Soja ta 4 ta 1984, wadda ta hana buga abin da zai kunyata ma'aikacin hukuma. A ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian ta Ikko, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda guda. A 1985 aka soke ta.

To, ga hanyoyi biyu ke nan da hukumomi suka bi a tarihinmu: hanyar ba da amsa, da hanyar rufe baki. Ta farko ta bar mana jaridar da ta yi shekaru masu yawa tana ilimantar da jama'a. Ta biyu kuwa ba a taɓa ganin ta ɗore ba. Ina so ku riƙe wannan a zuci har zuwa ƙarshen jawabina.

ABIN DA YA SAUYA

Sai dai kuma akwai abin da ya sauya, wanda bai kamata masu kare 'yancin magana su kau da kai daga gare shi ba. A dā, kafin labari ya fito a jarida ko a rediyo, sai ya bi ta hannun edita, shi kuwa ya san in ya buga ƙarya, gidansu za a kai ƙara. Gulmar bakin kasuwa kuma, kafin ta kai Azare daga Wunti, ta kwana a hanya, wataƙila ma wani mai hankali ya tare ta. Yau yaro ɗan shekara goma sha biyar yana kwance a ɗakin uwarsa zai aika da magana, kafin a idar da sallar isha'i ta isa Sakkwato da Maiduguri da Fatakwal. Ba edita, ba mai tambaya. Bari in tuna muku abubuwa uku da muka gani da idonmu.

Na farko, a watan Agusta na 2014, lokacin da cutar Ebola ta ɓulla a Ikko, saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha, wai shi ne rigakafi. Da yawa a cikinmu an tashe mu da tsakar dare a waya. Masu aikowar ba mugaye ba ne, 'yan'uwanmu ne masu ƙaunarmu. Amma aƙalla mutum biyu sun mutu saboda shan gishirin, an kuma kwantar da waɗansu a asibiti, alhali cutar kanta ba ta ko iso Arewa ba har aka tabbatar da ƙarewarta a watan Oktoba na wannan shekara.

Na biyu, a watan Yuni na 2018, da rikici ya ɓarke a yankin Barikin Ladi ta Jihar Filato, maƙwabciyarmu, an yi ta yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook ana cewa ga abin da aka yi wa mutanen wane. Binciken da gidan rediyon BBC ya yi daga baya ya nuna waɗansu hotunan ba ma a Nijeriya aka ɗauke su ba. Amma kafin a gane haka, an riga an tare hanyoyi, an kashe matafiya waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba.

Na uku ya faru a cikin jiharmu. A watan Mayu na 2022, saƙon da wata ma'aikaciyar lafiya ta tura a wani zauren WhatsApp ya jawo tarzoma a garin Katanga na Ƙaramar Hukumar Warji. An ƙona gidaje da shaguna, an ji wa mutane rauni. Ba zan shiga cikin abin da saƙon ya ƙunsa ba, domin magana ce da ta riga ta je gaban alƙali. Abin da nake so mu duba shi ne sakamako. Waɗanda aka ƙona wa dukiya ba su ne suka tura saƙon ba. Ita kuma wadda ake tuhuma ta shafe kimanin shekara ɗaya da rabi a tsare kafin a ba da belinta, daga baya a ƙarshen 2024 kotu ta sallame ta. Ku gaya mini, wa ya ci riba a cikin wannan al'amari?

Saboda haka wanda ya ce magana ba ta kisa, bai duba da kyau ba. Tun tuni Hausawa suka ce baki shi ke yanka wuya.

ABIN DA TSARIN MULKI YA TANADA

Yanzu bari mu koma ga uwar dokoki, watau Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999. Sashe na 39 ya ba kowane mutum 'yancin ya riƙe ra'ayinsa, ya faɗe shi, ya karɓi labari, ya kuma isar da shi ba tare da katsalandan ba. Wannan 'yanci ba na 'yan jarida kaɗai ba ne, ba kuma na 'yan boko kaɗai ba. Na mai shayi ne, da ɗan acaɓa, da uwargida a tsakar gidanta. Sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafofin watsa labarai nauyin sa ido a kan Gwamnati domin ta riƙa ba jama'a bayanin abin da take yi. Watau ke nan sukar hukuma ba laifi ba ce. Wanda ya rubuta cewa famfon unguwarsu ya yi wata uku ba ruwa, ko asibiti ba magani, ko an ba da kwangilar hanya ba a yi ba, in dai gaskiya ya faɗa, taimakon Gwamnati ya yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Amma wannan kundi ɗin dai, a sashe na 45, ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita 'yancin saboda tsaron ƙasa, da zaman lafiya, da tarbiyya, da lafiyar jama'a, ko domin kare haƙƙin waɗansu mutane. Sai dai ya gindaya sharaɗi: dole taƙaitawar ta zama ta hanyar doka, dokar kuma ta zama irin wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin mulkin dimokuraɗiyya. A nan gizo yake saƙa. Ba fushin wani babba ne zai yanke iyakar magana ba, ba kuma fushin taron jama'a ba. Majalisa ce za ta rubuta iyakar a fili yadda kowa zai gane, alƙali kuma shi ne zai ce an ƙetare ta ko ba a ƙetare ba.

Har ila yau, tun kafin a san wata aba wai ita intanet, dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wadda aka fi sani da Final Kod, ta haramta ɓata suna, da ƙaryar da ke cutarwa, da tunzura jama'a. Abin da yake laifi a bakin kasuwa, laifi ne a cikin waya.

YUNƘURIN DA AKA YI A MAJALISA

Sau da yawa an nemi a kafa doka ta musamman domin waɗannan dandali. A 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah ya gabatar da wani ƙuduri wanda ya tanadi ɗauri ga mai yaɗa zargin ƙarya ta waya ko ta intanet. Jama'a suka yi ca, Majalisar Dattawa ta janye shi a watan Mayu na 2016. A watan Nuwamba na 2019 Sanata Muhammad Sani Musa ya kawo wani, wanda ya tanadi tarar Naira 300,000 ko ɗaurin shekara uku ga mai yaɗa ƙarya, ya kuma ba hukuma ikon sa a toshe wa mutum hanyar shiga intanet. A wannan lokaci kuma Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudurin hana kalaman ƙiyayya, wanda har hukuncin kisa ya ambata in maganar ta jawo asarar rai. Da aka yi zaman jin ra'ayin jama'a a kan ƙudurin Sanata Musa a watan Maris na 2020, mafi yawan waɗanda suka yi magana sun ƙi shi. Ko ɗaya daga cikin ukun bai zama doka ba.

Me ya sa aka ƙi su? Ba don mutane suna son ƙarya ba. Tambaya ɗaya ce ta kayar da su duka, watau wa zai ce wannan ƙarya ce, wannan gaskiya? In wanda ake suka shi ne kuma zai yanke hukunci a kan sukar, to, an ba kura ajiyar nama.

Dokar da take aiki ita ce Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015. Akasarinta a kan 'yan damfara ne da masu satar kuɗi ta kwamfuta, ba mai jayayya da wannan. Inda aka sami matsala shi ne sashe na 24, wanda a yadda aka fara rubuta shi ya tanadi tarar da ta kai Naira miliyan 7, ko ɗaurin da ya kai shekara uku, ga wanda ya aika da saƙon ƙarya domin ya ɓata wa wani rai, ko ya dame shi, ko ya ci masa mutunci. Ku dubi faɗin waɗannan kalmomi. Wace magana ce ba za ta ɓata wa wani rai ba? Kotun ECOWAS da ke Abuja ta yanke hukunci a 2020 cewa sashen ya saɓa wa 'yancin magana, ta ce a gyara shi ko a soke.

Mu mutanen Bauci mun ga yadda magana ɗaya take kai mutum inda bai zata ba. A watan Nuwamba na 2022 an kama wani ɗalibi ɗan asalin Azare a Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda abin da ya rubuta a Twitter game da uwargidan Shugaban Ƙasa na lokacin. Aka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi, aka tsare shi a gidan yarin Suleja. Ƙungiyoyin ɗalibai da sauran jama'a suka yi ta kira a sake shi, a farkon watan Disamba aka janye ƙarar. Maganar da ya yi ba ta ladabi ba ce, iyayensa ma sun ba da haƙuri. Amma mutane da yawa sun tambaya ko rashin ladabi ya isa a ɗauke yaro daga makaranta ana gab da jarrabawa. Tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata hukuma ta saurare ta.

A watan Fabrairu na 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan gyaran dokar. Yanzu sashe na 24 ya tsaya a kan saƙon batsa, da saƙon da mutum ya san ƙarya ne amma ya aika da shi domin ya kawo rushewar doka da oda ko ya jefa rayuka cikin haɗari. An cire maganar ɓacin rai da cin mutunci. Wannan ci gaba ne. Duk da haka ƙungiyoyin 'yan jarida suna kukan cewa ana ci gaba da kama mutane da sunan wannan sashe, saboda haka aikin bai ƙare ba.

KWANA 222 BA TWITTER

Babban gwajin da ƙasar nan ta yi shi ne na 2021. Ran 2 ga Yuni kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, inda ya gargaɗi masu kai hare-hare a Kudu maso Gabas ya kuma ambaci Yaƙin Basasa. Ran 4 ga wata Ministan Watsa Labarai, Alhaji Lai Mohammed, ya ba da sanarwar dakatar da dandalin, bisa dalilin cewa ana amfani da shi wajen ayyukan da za su iya wargaza ƙasa. Washegari kamfanonin waya suka toshe shi. Ba a buɗe ba sai ran 13 ga Janairu, 2022, bayan kwana 222.

Gwamnati ta bayyana cewa kamfanin ya yarda zai yi rajista a Nijeriya, ya naɗa wakili, ya biya haraji, ya kuma mutunta dokokin ƙasa. Waɗannan buƙatu ne na haƙƙi, gama bai dace kamfani ya riƙa cin kasuwa a ƙasa alhali ba inda za a same shi in ya yi ɓarna ba. Amma dole mu faɗi ɗaya gefen. Masu ƙananan sana'o'i da ke tallar hajarsu a dandalin sun yi asara. Hukumomin da ke sanar da jama'a labarin annoba da na tsaro ta wannan hanya sun rufe wa kansu baki. Masu wayo kuwa suka bi ta wata ɓarauniyar hanya da ake kira VPN suka ci gaba da rubutunsu, har da masu yaɗa ƙaryar da aka so a hana. Daga ƙarshe, a watan Yuli na 2022, Kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ba ta bisa doka, ta saɓa wa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, ta kuma umarci kada a sake. Ba a rufe kasuwa don an kama ɓarawo a cikinta.

NAUYIN DA KE KAN KAMFANONI

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a riƙe kamfanonin da kansu. Ƙasar Jamus ta yi doka a 2017 wadda ta tilasta wa manyan dandali su cire abin da ya fito fili haram ne cikin awa 24, in sun ƙi a ci su tarar da ta kai Yuro miliyan 50. A 2022 Tarayyar Turai ta yi tata dokar, wadda ta ƙara da cewa in an cire wa mutum rubutu, sai an gaya masa dalili, an kuma ba shi damar ɗaukaka ƙara. A nan gida, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idoji a 2022 waɗanda suka bukaci manyan dandali su yi rajista a Nijeriya, su sami ofis da wakili, su buɗe hanyar karɓar koke, su kuma cire abin da doka ta haramta cikin ƙayyadadden lokaci. A 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Ashe dai ana iya kiran manyan nan su amsa tambaya ba tare da an toshe wa talaka waya ba.

Akwai abu guda da nake so in ƙara, domin fassara ce sana'ata. Waɗannan kamfanoni sun fi dogara da na'ura wajen tace rubutu, na'ura kuwa ba ta san habaici ba, ba ta san gugar zana ba. In Bahaushe ya rubuta cewa sai mun ga bayansu, yana iya nufin za mu kayar da su a akwatin zaɓe, yana kuma iya nufin abin da ya fi haka muni. Sai wanda ya sha Hausa a nono, ya kuma san abin da ke faruwa a garin a ranar, shi ne zai bambance. In ba a ɗauki irin waɗannan mutane aiki da yawa ba, za a riƙa goge wasan tobashi a bar kiran fitina. Haka abin yake ga Fulatanci da Barbarci da sauran harsunanmu. Wannan buƙata ce da ya kamata Gwamnati da jama'a su haɗa baki su nema.

NAUYIN DA KE KAN HUKUMA

Mu ma'aikatan hukuma ma akwai namu. Ji-ta-ji-ta ba ta yin ƙiba sai inda aka yi shiru. In abu ya faru da safe, hukuma ba ta ce uffan ba sai bayan kwana uku, to, kada ta yi mamaki in ta tarar an riga an cika gurbin da ƙarya. Wajibi ne mu fito da bayani da wuri, da harsunan da mutane ke ji, ko da bayanin ba mai daɗi ba ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa ma'aikatar Tarayya ya nemi bayani, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. Ku yi amfani da ita.

Haka kuma in an kama mutum saboda magana, sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu, sai fa in laifin da ake zargi mai hukuncin kisa ne. Mai muƙamin da yake ganin an ɓata masa suna, ƙofar kotu a buɗe take gare shi kamar kowa. Ɗan sanda na jama'a ne duka, ba a ajiye shi domin huce haushin wani ba.

NAUYIN DA KE KAN KOWANNENMU

Jama'a, na bar mafi muhimmanci a ƙarshe. Saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, ko kamfanin ba ya iya karanta shi. Abin da ya iya yi shi ne, tun daga 2019 ya hana a tura saƙo ɗaya zuwa fiye da wuri biyar a lokaci guda, ya kuma sa alama a kan wanda aka yi ta turawa. Ma'anar wannan ita ce, a zauren danginku, da na masallacinku ko cocinku, da na tsofaffin ɗaliban makarantarku, ba wani edita sai ku. Ba dokar Abuja da za ta riga yatsanka isa wurin.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamanmu suna karantar da mu cewa a Suratul Hujurati an umarci muminai su binciki labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci waɗansu cikin rashin sani. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna bin diddigin wa ya ji daga wa. 'Yan'uwanmu Kirista kuma suna da haramcin shaidar zur a cikin Dokoki Goma. Saboda haka kafin ka tura saƙo, yi wa kanka tambayoyi huɗu. Wa ya faɗa, kuma ya sa sunansa? Yaushe abin ya faru, a wane gari, ko tsohon hoto ne aka sake masa riga? Gidajen rediyo da jaridun da aka sani sun kawo labarin? In kuma ya tabbata gaskiya ne, turawata za ta kashe wuta ko za ta ƙara mata iska? Rubuta cewa yadda na samu haka na turo ba ya wanke kowa, ko a gaban alƙali, ko a gaban Allah. Duk saƙon da ya ce maka tura da sauri kafin a goge, wannan shi ne wanda ya fi cancanta ka dakata a kansa.

Ku shugabannin zauruka, ku sani amana ce a hannunku. Wanda ya sa abin da zai haɗa faɗa, ku cire, ku kira shi gefe ku yi masa nasiha. Ku iyaye, ku riƙa tambayar 'ya'yanku abin da suke rubutawa, gama abin da yaro ya rubuta yau cikin wasa yana nan ajiye har ranar da zai nemi aiki ko aure. Ku matasa, kada wannan jawabi ya sa ku yi shiru. Ku faɗi abin da ke damunku, ku soki wanda ya kamata a soka, ku zo da hujja, ku sa sunanku, ku bar zagin iyaye da ƙabila da addini. Haka su Malam Sa'adu Zungur suka yi a garin nan, shi ya sa har yau ake ambatonsu da alheri. In kuma kun ga maganar da kuke ganin ta keta doka ko ta taɓa abin da kuke girmamawa, ku kai wa hukuma, ku bar alƙali ya yi aikinsa. Wanda ya ɗauki ashana saboda saƙon waya, laifinsa ya fi na mai saƙon.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Allah ya ba mu ikon faɗar gaskiya, ya ba shugabanninmu haƙurin jinta, ya zaunar da Jihar Bauci da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Mai girma shugaban taro, a nan zan tsaya, wanda yake da tambaya ina saurare.